Ke mai son kujerar konseye ko depite, zo ki ji yadda ake tara mata a bayanki

Ɗiyar yayata ce ta turo mini vokal daga Yamai wajen sha ɗaya na dare, tana karatu a jami'ar Abdou Moumouni, wai "Inna ni fa siyasa nike so, amma yanzu da anka rushe partoci mi za ni yi, in zamna in jira?" Na fara ba ta amsa a vokal, minti huɗu, minti bakwai, har portabul ɗin ya ɗau zafi a hannuna, sai na ce bari dai in rubuta, duk wadda ke da irin wannan tunanin ta karanta. Ni ba depite ba ce, ban taɓa zama minista ba, malamar lakkol ce a nan Tawa, amma na yi kampanye uku, 2004 da 2011 da 2020, sunana ya shiga listar 'yan takara sau biyu, sau ɗaya anka goge shi da dare, sau ɗaya na zamna kujerar konseye. To abin da idona ya gani zan faɗa.

Da farko dai kar ki jira. Gaskiya ne tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka dakatar da harkokin jam'iyyu, a Afrilu 2024 anka rushe majalisun komin (har da tamu, ranar na tattara kayata na dawo gida), a Maris 2025 kuma partocin ma gaba ɗaya anka soke su. Amma ai ba a rushe adashe ba, ba a hana biki da suna ba, ba a rufe islamiyyar mata ba, kuma can ne mace ke samun mutane. Duk ranar da anka buɗe fage, maza cikin sati biyu sun gama haɗa biro a fada suna shan shayi, ke kuma in ba ki shirya ba sai ranar mitin a kira ki a ce Madam ki taho da mata hamsin, a raba muku turmi mai hoton ɗan takara da jika guda-guda na taksi, ku yi guɗa ku sha rana ku watse. Mun yi wannan shekara da shekaru, ya isa.

Ki san wace irin ƙungiya ce ke bayanki

Kowa sai ta ce "ai muna da rezo". Wane rezo? Ba duka ɗaya ba ne, kowane akwai abin da yake iya yi miki da wanda ko ya so ba ya iyawa.

Akwai matan parti. Kafin a soke su, kowace jam'iyya tana da reshenta na mata, Tarayya ce, Nasara ce, Rahama, Lumana, duk. Su sun san ƙofa, sun san wa ke riƙe da biro ranar rubuta lista, sun san wane Alhaji ne in ya yi tari sakatare ke rawar jiki. Matsalarsu guda, shugabar sau da yawa matar wani babba ce ko ƙanwarsa, in maganar mata ta ci karo da ta maigida to ke ma kin san inda za ta faɗi.

Akwai manyan ƙungiyoyin mata na Yamai, irin su AFN da anka kafa a 1975 zamanin Kunce, da RDFN ta 1992, da CONGAFEN wadda ta tara ONG na mata a 1995, da ƙungiyar mata masana shari'a AFJN. Waɗannan su ke da ilimin doka, su ke iya shiga ofis ɗin minista, su ke kawo formasiyo da atelye. Ki kusance su ki koyi yadda ake karanta dokar zaɓe, amma kar perdiyem ya ruɗe ki, matar da ta yi miki jawabi a otel ba ta da ƙuri'a ko guda a Kalfu ko Barmu ko Bambai.

Sai adashe da Mata Masu Dubara. MMD ɗin nan ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi a 1991 a jihar Maraɗi, mata su taru kowane sati su zuba cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗi a hannun mata uku daban, su ba juna bashi su raba riba a ƙarshen zagaye. Wanda ya tsara abin nan ban ce siyasa ya nufa ba, amma ya koya ma mata zaɓen shugaba, da riƙe lissafi, da tashi tsaye a yi magana gaban mutum talatin ba tare da murya ta yi rawa ba, shi ya sa da anka yi zaɓen komin a 2004 matan MMD da dama sunka fito takara sunka ci. Nan ƙuri'a take, nan kuɗi suke.

Na huɗu su ne malamai mata na islamiyya, su ba za su hau mota su yi miki kampanye ba, amma in malama ta ce "wance mutuniyar kirki ce" a gaban ɗalibanta, ya fi miki afish dubu. In kuma ta yi shiru ta kau da kai lokacin da anka ambace ki, to ki fara bincike.

Duk matan da na ga sun hau, ƙafarsu tana cikin uku daga huɗun nan. Mai ƙafa ɗaya iska kaɗan ke kada ta.

Buƙata guda, wadda ake iya ƙirgawa

Ku 'yan yanzu kun san 13 ga Mayu ranar anko ce da rawa da hoto a Facebook. To ba daga rawa ta faro ba. A 1991 anka kafa kwamitin shirya taron ƙasa, mutum 68, mace guda tak a ciki. Ranar 13 ga Mayu mata sunka fito titi a Yamai, ma'aikata, 'yan kasuwa, 'yan sandika, ɗalibai, sunka nufi ofishin firaminista, kuma ba su je da takarda mai buƙata ashirin ba, magana guda ce, a ƙara mata cikin kwamitin nan. Anka ƙara biyar. Matan nan ba wai suna ƙaunar juna ba ne duka, cikinsu akwai na gwamnati akwai masu adawa da ita, amma ranar bakinsu ɗaya.

Haka dokar kota. Bayan zaɓen 1999 depite 83 ne a majalisa, mace ɗaya, Madam Mounkaïla Aïssata, ki yi tunanin zamanta ita kaɗai cikin manyan riguna. Ranar 7 ga Yuni 2000 anka kafa doka mai lamba 2000-008, kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, kashi 25 na muƙaman naɗi. Zaɓen 2004 mata 14 cikin 113. A 2014 anka ɗaga zuwa kashi 15, a 2019 zuwa kashi 25 na zaɓe da 30 na naɗi. Ba wani namiji da ya tashi da safe ya ji tausayinmu, matsa lamba ce daga ƙungiyoyi da matan cikin gwamnati da na cikin partoci, kowa ta ja daga gefenta. Ki leƙa nan bayan Ƙonni ki gani, 'yan uwanmu na Najeriya ba su da irin wannan dokar, a Maris 2022 majalisarsu ta kada ƙudurorin da mata sunka kai, har yau sanatoci mata cikin 109 yatsun hannu ɗaya sun isa ƙirga su, alhali ƙasar su Hajiya Gambo Sawaba ce. A Senegal kuma matan partoci daban-daban sunka haɗu ƙarƙashin ƙungiyar COSEF har anka yi dokar rabi da rabi a 2010, namiji mace namiji mace a jere cikin lista, zaɓen 2012 mata 64 cikin 150.

To ke ma a ɗan ƙaramin wurinki haka za ki yi. In kun zamna, kar ku ce "muna son ci gaban mata", wannan kowa ya yarda da shi kuma ba wanda zai biya komi. Ku ce muna son mace cikin sunaye ukun farko na lista. Muna son mataimakiyar magajin gari. Muna son mata biyu a kwamitin famfon ruwa na unguwa kuma ɗaya ita ke riƙe da kes. Abin da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Maganar kuɗi, tunda ita kowa ke kunya

Siyasa tana cin kuɗi, kosiyo, takardu, esansi, kabu-kabu na shiga ƙauyuka, kiredi na waya, abincin wakilanki da za su kwana a biro zaɓe suna tsaron ƙirga. In ba ku da naku, wani Alhaji zai biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ban da haka ma, ranar da anka ji shi ya saya miki esansi, kafin magariba gari ya gama ɗaura muku aure, ke mace ce, abin da namiji zai yi a ce dabara ke in kin yi sunansa daban.

Matan Amurka sun gane wannan tun 1985 da sunka kafa EMILY's List, ƙungiyar tara ma mata 'yan takara kuɗi, ma'anar sunan wai kuɗin farko kamar yis ne, shi ke sa kwaɓi ya tashi. Da na ji haka dariya na yi, na ce ai adashe ne sunka sa ma kwat. Ku yi lissafi, mata ɗari, kowace dala hamsin a sati, jika ashirin da biyar ke nan, a shekara miliyan ɗaya da jika ɗari uku. Wannan ya isa mace ta tsaya takarar konseye ba ta durƙusa ma kowa ba. Amma abu guda, kar ki kuskura ki taɓa akwatin adashen da ake ba da bashi, matan cikinsa ba parti ɗaya suke ba, ranar da kinka sa siyasa a ciki ranar ya fashe, kuma ba za su yafe miki ba. Asusu daban, mabuɗi uku, kaye daban, wadda ta ga dama ta shiga, kuma a rubuta tun farko wa za a ba da kuma yadda za a zaɓe ta.

Takardu kuma tun yanzu. Takardar haihuwa ko jujuma, nasiyonalite, diplom in akwai. Ki duba sunanki harafi-harafi, don mu nan mace guda a takarda ɗaya Hadiza, a ta biyu Hadijatou, a ta uku Adiza, an haife ta "wajen 1975" a nan "wajen 1977" a can, irin wannan kaɗai ya isa a ajiye dosiyenki gefe. Kaziye, takardar kotu mai nuna ba a taɓa yanke miki hukunci ba, kar ki ciro yanzu, wata uku yake yi ya mutu. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce kashi 75 na 'yan takarar depite a lista su kasance da BEPC, a zaɓen 2011 kotu ta watsar da listoci da yawa, manyan mutane sunka wayi gari ba su cikin zaɓe, to ko wace doka sabuwa ta zo ki ɗauka takarda za ta tambaya. Kuma ba naki kaɗai ba, matan da za su zaɓe ki nawa ke da takardar haihuwa? In an zo odiyans foren a garinku, wato alƙalai sun zo ba da takardun haihuwa, ki zama ke ce mai bin gida-gida kina fito da su. Nan Adar maza rabin shekara suna bida, Abijan, Libiya, Kamaru, ranar zaɓe wa ke gari? Mu. Gidan kulle kuma namiji ɗan takara iyakarsa zaure, ke har gindin murhu kike shiga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, ɓangaranci

Bari in ba ki nawa. Zaɓen komin na Janairu 2011, partinmu (ba sai na faɗi suna ba) kowa ya san kujera guda ce za ta faɗo ma mata, kota kashi 10 ne lokacin. Mu matan biyu muke. Akwai ɓangaren Hajiya, tsofaffin militan tun farkon dimokuraɗiyya, waɗanda sunka dafa tuwon mitin da itacensu, sunka sha zagi, wata har awarwaronta ta sayar, ba su yi lakkol ba. Akwai mu 'yan lakkol, malamai da ma'aikatan likita, muna ganin mu ne munka iya karanta bije (kasafin kuɗi), mu ya kamata. Sati uku muna ja. A wani reyinyo raina ya ɓaci na juya wajen ƙawata na ce da faransanci, ƙasa-ƙasa wai ni, yaya za a kai analfabet majalisa. Ashe Hajiya ba ta jin faransanci amma wannan kalmar ta san ta sarai, an sha jifanta da ita. Ba ta ce komi ba, ta gyara lulluɓinta ta ɗau butarta ta fita, mata wajen ashirin sunka bi ta, wurin ya yi tsit sai ƙarar takalma.

Sunana ne ya shiga lista, na kwana ina murna. Daren da za a kai dosiye, wajen ƙarfe goma, sakatare ya kira ni, murya mai sanyi, "Madam, tunda ku mata kun kasa daidaitawa, mun samo wadda ba ta da rigima." Ƙanwar matar wani babba ce, ko mitin ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Ta yi mandarta cur ban ji an ce ta buɗe baki ba. Bayan kwana biyu na gamu da Hajiya a kasuwa gun masu tattasai, ta dube ni sama da ƙasa ta ce "Madam, ina gajiya, ashe faransancinki ya ci zaɓe." Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunyar a bayan wuyana. Kuma ba a sake zaɓen komin ba sai 13 ga Disamba 2020, kusan shekara goma muna cizon yatsa, ni da ita duka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma maza sun iya neman tsagar nan, in babu ma su yi ta. Za a zo miki a ce Hajiya ta ce ke 'yar bariki ce, a je mata a ce kin ce ita jahila ce (ni kam na faɗa da bakina, ba sharri anka yi mini ba). Amma kar ki ɗauka maganin shi ne a ce "mata mu so juna", wannan waƙa ce. Ɓangare ba ya ƙarewa, maza ma suna da shi fiye da namu, bambancin su suna zama su raba, kai ka ɗau wannan ni in ɗau wancan, mu kuma sai mu ɗauke shi gaba har suna da biki.

Ga yadda munka yi a 2020. Ni na fara zuwa gidanta, ban aika ba, na cire takalmi na zamna a tabarma na ce Hajiya na yi kuskure ki yafe mini, ta bar ni ina zaune har ta gama lazimi tukun ta ce "Allah ya yafe mana." Wata shida kafin a fara maganar lista munka tara ɓangarorin biyu, ba a hedikwatar parti ba, a tsakar gidanta, ba namiji ko ɗaya. Kota ya kai kashi 25, kujerun sun ƙaru, munka ce to a jera, ta farko daga nan ta biyu daga can, duk titilar (mai kujera) 'yar lakkol sipleyanta (mai maye gurbinta) daga ɓangaren Hajiya, duk titilar ta Hajiya sipleyanta 'yar lakkol. Munka rubuta da Hausa, anka karanta da ƙarfi sau biyu, masu sa hannu sunka sa, masu dangwala yatsa sunka dangwala, wata malama da wata tsohuwar ungozoma shaidu. Sannan munka je wajen maza da takarda guda, mu goma sha biyu, munka ce ga sunayenmu, in an taɓa ɗaya duk mun janye, kuma ba mace da za ta shiga gida-gida. Ranar kai dosiye mata huɗu sunka kwana a ƙofar sakatare da tabarmarsu da goronsu, sunka raka mota har inda ake ajiyewa, sunka ga listar da idonsu kafin a miƙa. Wannan raka motar kar ki raina shi, duk aikin wata shida a wannan daren ake sace shi.

Kalmar feminis

Ɗiyata tana son kalmar nan, a Yamai cikin ɗalibai ba laifi. Ni ba na faɗa da kalma, abin da ke cikinta da yawa na yarda da shi, amma ki sani in kin furta ta a Afala ko Takanamat abin da kunne zai ji shi ne an zo raba mata da mazansu, kuma daga nan ba wanda zai saurari sauran maganarki. Ki dubi dokar iyali, kod da la fami, farkon shekarun 1990 anka so kafa ta, ƙungiyoyin addini sunka tashi, anka riƙa ambaton matan da ke gaba-gaba ana aibata su, su kansu ƙungiyoyin matan AFN da RDFN ba sa ga-maciji, mata da yawa na islamiyya kuma suna ɗaya gefen don ba wanda ya zamna da su tun farko, har yau dokar ba ta fito ba. A 2006 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka, lokacin kuwa mata 14 na zaune a ciki. Kota ya wuce don lissafi ne, bai taɓa aure da saki da gado ba, kuma mata sun tsaya a kansa baki ɗaya. Ba ina cewa a bar maganar auren wuri ko sakin wulaƙanci ba, ni malama ce, na ga benci ya zama wayam a CM2 na san inda yaran sunka tafi. Cewa nike ki shigo ta ƙofar da ke buɗe, ruwa, injin niƙa, motar ɗaukar mai naƙuda, katangar lakkol, ki tafi da malama a gefenki, in an yarda da ke sauran maganar za ta samu kunne.

Kuma ki cire ma ranki cewa mace za ta zaɓe ki don ke mace ce. Madam Bayard Mariama Gamatié tana cikin jagororin tafiyar 1991, ta shugabanci RDFN, ita ce mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2011, ƙuri'unta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a ƙasar da mata sunka kai rabi. Suna da tarihi ba su ke jefa ƙuri'a ba. Mace tana zaɓen wadda ta zo mata gaisuwar mutuwa, wadda ta raka ta likita, ko kuma wanda maigida ya ce. Shi ya sa gidanki ma sai kin yi kampanye, maigida, uwar miji, in kina da abokiyar zama ita ma, don in ta ce ba ki da kirki unguwa ita za ta yarda da ita.

In kin samu kujerar

Nan ba zan daɗe ba. Za su tura ki komisiyon afer sosiyal, wai shi ya dace da mata, ki ce na gode ina son na kuɗi, ko aƙalla ɗaya cikinku ta shiga can, don ranar zaman bije ake yanke komi. Matan konsai ku riƙa haɗuwa kwana ɗaya kafin sesiyo ko partinku ba ɗaya ba, mu haka munka yi, shayi da ƙuli-ƙuli a gidan ɗayarmu, mu fito da abu guda da za mu tsaya kai. Bayan kowane zama ki koma wajen matan da sunka zuba dala hamsin ɗinsu ki faɗa musu abin da anka yi da wanda anka hana, da Hausa, in akwai rediyon karkara ki shiga. Ki riƙa tafiya da yarinya guda tana riƙe miki kaye tana gani, don in ba haka ba shekara goma ke ce za ki zama wadda ke tare ƙofa kina cewa yaran yanzu ba su da kunya.

Yanzu kuma da yake naɗi ake yi ba zaɓe ba, ku tara CV na matan jiharku wuri guda, injiniya, likita, mai shari'a, mai lissafi, a waya da a takarda. Duk ranar da wani ya ce "ai mun nemi mace mai cancanta ba mu samu ba" ku miƙa masa ashirin. In ya ci gaba da musu ku tuna masa Aïchatou Mindaoudou ta riƙe harkokin wajen ƙasar nan kusan shekara goma, kuma a 2009 lokacin tazarcen Tanja kotun tsarin mulkin da ta ce a'a mace ce ke shugabantarta, Salifou Fatimata Bazèye.

Ke kuma ɗiyata, in an ba ku hutu ki hau bis ki taho Tawa. Adashenmu ranar Asabar ne bayan la'asar a gidan Hajiya, ta tsufa yanzu ba ta gani sosai amma kunnenta garau. Ki zo da kaye sabo da dala hamsin ɗinki, za ki riƙe mana lissafi wata uku kafin ki buɗe baki, ki gaida kowa da sunan ɗanta na fari, faransancin kuma ki bar shi a tasha.